Kabarin Isyaku a Ƙasar Masu Tonon Kabari

Tun da na dawo ban huta ba. A bakin asibitin dabbobi na Kazaure, a teburin mai shayi, har a wurin ɗaurin aure, sai an tare ni. "Garba, wai da gaske sanyin can yana cire wa mutum kunne?" "Garba, wai ka ga mace tana tuƙa tarakta?" To, yau zan faɗa sau ɗaya, kowa ya ji, a shafa mini lafiya. Ban ga ƙanƙara ba, lokacin zafinsu muka je. Kuma mu biyu muka tafi, ni da Isyaku ɗan Inna Dije na Gwiwa, ni kaɗai na dawo. Kun yi mini gaisuwa, na gode, amma duk cikinku babu wanda ya tambaye ni yadda aka binne shi. Labarin tafiyar kuwa shi ke nan, sauran duk ciko ne.

Ni da Isyaku malaman dabbobi ne, tare muke yawon allurar shanu daga Roni har Babura a kan babur ɗaya. Lokacin nan kuɗin mai ya buɗe, gwamnati tana tura mutane kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goro. Sai sunanmu ya fito, wai za mu je ƙasar Rasha mu koyo kiwon tumaki. Ka ji fa! Isyaku da aka haifa a ruga, shi za a kai bayan duniya a koya masa tunkiya.

Kafin mu tashi na raka shi Gwiwa sallama. Inna Dije ta dama mana fura, ta ɗaure masa daddawa da kuka a tsumma, sannan ta aike shi ɗauko wani abu don ta samu ta yi magana da ni. Wani mai bakin tsiya a kasuwa ya gaya mata cewa mutanen can ba su san Allah ba, kuma ƙona gawa suke yi.

Ta ce, "Garba, kai ne babba. Rai na Allah ne, ban ce ka tsare shi ba. Amma in ta Allah ta kasance, kada ka bari a ƙona mini ɗa. A wanke shi, a sallace shi, a kwantar da shi yana kallon gabas kamar ubansa."

Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Wata nawa ne duka?"

Ta ce, "Ka dai ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka, har ina dariya.

Hanya ba ta da wani daɗi. Motar da ta kai mu Kano ta yi faci a hanya, jirgi kuma tun da ya ɗaga Isyaku yake riƙe da hannun kujera yana salati. A Mosko aka jera mu a gaban wani jami'i mai fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ya zazzage jakar Isyaku, ya kwance tsumman Inna Dije, ya kai hancinsa, ya yi baya kamar an mare shi. Nan da nan ya kira wasu biyu, suka tsaya a kan daddawar nan suna muhawara. Isyaku yana ta nuna musu bakinsa, wato abin ci ne, su kuwa suka ɗauke ta da takarda kamar kashin kare suka jefa a kwandon shara. Kilishina ma ya bi ta. Wallahi har yau in na tuna kilishin nan sai raina ya sosu.

A nan aka haɗa mu da Biktor, wanda zai zama tafintanmu kuma mai kula da mu. Saurayi ne mai santsin baki, da Ingilishi muke magana da shi, kuma amsarsa ɗaya ce ga komai: "Babu matsala." Ya sa mu a jirgin ƙasa, muka yi ta tafiya kwana da kwanaki har na daina tambayar yaushe za mu isa. Burodi baƙi mai tsami, miyar kabeji, sai shayi a kofin gilas. Duk naman da aka kawo sai Isyaku ya tura hancinsa sama da yatsa ya yi gurnani irin na alade yana kallon matar da ke rabo, in ta gyaɗa kai mu ture kwanon. Salla kuwa, mukan duba inda rana ta fito mu fuskanta, kamar yadda muka tashi muka ga ana yi.

Inda aka sauke mu ƙasar Kazak ce, mutane masu ƙananan idanu, makiyaya tun kaka da kakanni. Fili ne fetal, babu dutse ko ɗaya irin namu na Kazaure, babu bishiyar da za ka fake. Sai wasu tuddai zagayayyu nan da can, kamar an kife ƙore. Da muka tambayi tumakin da muka zo dominsu, Biktor ya ce babu matsala, tumaki suna nan, amma da farko za mu taimaka da wani aiki na gaggawa. Ashe za a haƙa hanyar ruwa ta bi ta kan tuddan nan, kuma tuddan kaburbura ne na sarakunan makiyayan da, tun kafin zuwan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ana son a tone su kafin injin haƙa ya iso, an rasa hannu, sai aka ara musu mu kamar jakuna.

Na ce, "Kabari za mu tona? Biktor, a kanmu aka rubuta mahaukata?"

Ya ce wannan ilimi ne, kuma wanda ya ƙi aiki ba zai sami takardar shaida ba.

A garinmu, akwai wani kufai bayan Roni mai tsohuwar kushewa. Babu wanda ya san su waye a ciki, amma ko manomi mai haɗamar gona ba ya sa garma a wurin, kuma mai wucewa yakan yi musu sallama. Su kuwa waɗannan sun kafa tantuna a gefen kabari suna dafa shayi. Shugabansu wani dogon dattijo ne mai lofe, kowa Farfesa yake ce masa. Na faɗa masa a fuska cewa ba zan taɓa ƙashin mutum ba, sai aka ba ni baro ina kwashe ƙasa. A tanti ɗaya muke kwana da Isyaku, a kan gadon zane mai ƙugi, iska tana kaɗa mu kamar za ta tafi da mu.

In ba ku gaskiyarsu, sun iya lallashin matacce. Da suka isa ga mai kabarin, Farfesa da kansa ya durƙusa yana share haƙarƙarinsa da ɗan buroshi kamar na aski, yana hura ƙasa da baki. Ya auna inda kan yake kallo, ya ce ta haka ake gane ko waɗanne mutane ne, don kowace al'umma da yadda take kwantar da nata. An binne mutumin da dawakinsa a jere, linzami a bakinsu, ga akushin itace a gefen kansa, ga 'yan ƙyalƙyalin zinariya a ƙirjinsa. Isyaku ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yaya Garba, wannan fa ɗan uwana ne. Ka ga ƙoƙon nononsa, ka ga dabbobinsa. Makiyayi ne aka tayar daga barci."

Akwai wani tsoho mai suna Sarsen da yake zuwa kullum a kan doki, ya tsaya nesa yana kallon masu tono, ya tofar da yawu ya juya. Wata rana ya tarar da mu muna azahar a bayan tanti. Ya sauko da sauri, ya jira muka sallame, ya rungume Isyaku yana cewa "Musulman, Musulman," hawaye a gemunsa. Sannan ya kama kafaɗun Isyaku ya juya shi wajen da rana ke karkata, yana ta magana. Na bige hannunsa. A raina na ce, mutanen da aka rufe musu masallatai, su ne za su koya mana salla? Isyaku ya ce in bi a hankali, wataƙila tsohon yana da dalili. Na ce dalilinsa tsufa.

Duk da haka ya gayyace mu gidansa, wata bukka zagayayya ta gashin tumaki, sak ta ruga sai dai ta fi girma da ɗumi. Matarsa ta kawo nonon goɗiya mai tsami da yaji a maƙogwaro. Ni kurɓa ɗaya na yi na ajiye, Isyaku kuwa ya shanye ya miƙa ƙoƙo a ƙara, mutanen gida suna tafi. Aka ajiye mana kan rago dafaffe, wai shi ne girman baƙo, aka yanko mini kunne. Naman doki ne na ce a yafe mini. Tun daga ranar Isyaku ya zama ɗan gida, ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma sai su wuni a cikin tumaki suna duba kofato suna dariya.

Ciwo ya fara wa Isyaku da ciki, ta gefen dama. Da farko ya daure, har ya kai ba ya iya miƙewa, jikinsa zafi rau. Na je wurin Biktor na ce a kai shi asibiti. Ya ce nonon goɗiya ne, babu matsala, ya ba ni ƙwayoyi biyu. Mota ɗaya ce tak a sansanin, garin da ke da asibiti kuma tafiyar wuni ne. Washegari da safe na fito na tarar ana loda mata akwatuna. An naɗe zinariyar nan a auduga, an jera ƙasusuwan sarki da na dawakinsa a cikin ciyawa don kada su girgiza.

Na ce, "Alhamdu lillahi, bari in ɗauko shi."

Biktor ya ce babu wuri. Kayan nan na hukuma ne, doka ta hana a ɗauki kowa tare da su sai ɗan sanda mai rakiya. Motar za ta juyo gobe ta ɗauke shi.

Na ce, "Ku sauke doki ɗaya! Dokin da ya mutu tun kafin kakan kakanku, ba zai iya jiran gobe ba?"

Farfesa ya cire lofe daga bakinsa, ya yi magana a hankali, Biktor ya fassara: wai yana baƙin ciki ƙwarai, amma in aka bar ƙasusuwan a rana za su lalace. Na riƙe ƙofar motar, ɗan sandan ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina kallo ƙasusuwa suka tafi gari a kan auduga, mai rai yana tanti yana murƙususu. Tir da wannan ilimi.

Motar ba ta dawo washegari ba. Sarsen ya zo da niyyar ɗaukarsa a kan doki, amma ko taɓa shi aka yi sai ya yi ƙara. Kwana biyu da tafiyar motar, bayan azahar, kansa yana kan cinyata, ina laƙƙana masa kalmar shahada yana karɓa, Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A nan ne bakin Biktor ya canza, yanzu kam akwai matsala. Ya ce kada a taɓa gawar. Za a jira mota, a kai shi gari likita ya buɗe cikinsa, a sa shi a ɗakin sanyi har manya su yanke shawara. Na tambaye shi shawarar me. Ya ce ko a rufe shi a akwatin ƙarfe, ko kuma, in aika shi ya yi wuya, akwai hanya mai sauƙi da tsabta, a aika wa iyalinsa tokar. Wallahi ban san lokacin da na ɗauki shebur ba. Na tsaya a ƙofar tanti na ce duk wanda ya matso, sai dai a haƙa rami biyu. Muryar Inna Dije kawai nake ji.

Ban aika a kira kowa ba, amma kafin la'asar sai ga Sarsen da dattawa a kan dawakai. Ba su ko kalli Biktor ba. Yana ta ɗaga murya yana yi musu barazana da hukuma, suka wuce shi kamar kututture. Sarsen ya dube ni ya ce, "Janaza." Wannan kalma kam na ji ta. Suka naɗe Isyaku a shimfiɗar gashi, muka kai shi bukka, ni da tsohon muka yi masa wanka. Ina tunanin inda zan sami farin ƙyalle, sai matar Sarsen ta buɗe ƙasan wani akwati ta ciro likkafani sabo fil. Na tsohon ne, wanda ya ɓoye wa kansa shekara da shekaru.

Maƙabartarsu tana bayan wani kwari. Da muka isa samari sun riga sun yi nisa da haƙa, ina ganin ramin jinina ya hau. A karkace yake. In aka kwantar da shi a damansa, fuskarsa za ta kalli wajen faɗuwar rana, ya ba gabas baya.

Na yi tsalle na faɗa cikin ramin, na ce ba za a sa shi a nan ba. Ina nuna musu mahudar rana ina ihu da Hausa, "Can! Can ake kallo!" Na ƙwace shi daga masu ƙonawa, ga shi kuma waɗannan za su kwantar da shi a juye har tashin kiyama. Samarin suka fusata, ɗaya ya kama rigata. Sarsen ya daka musu tsawa, ya miƙo mini hannu ya jawo ni waje, ya zaunar da ni a ƙasa kamar yaro.

Ya ɗauki tsakuwa ya ajiye, ya nuna ƙirjinsa da ƙasar da muke kai, wato nan. Ya ɗauki wata ya ajiye can gaba ta wajen yamma maso kudu, ya ce, "Makka." Ya ɗauki ta uku, ya nuna ni, ya nuna gawar, ya ce, "Afirka," ya ajiye ta a bayan Makka. Sannan ya ja layi da bulalarsa daga tsakuwar farko zuwa ta tsakiya, ya ja wani daga ta ƙarshe zuwa ta tsakiya, ya dube ni.

Na daɗe ina kallon tsakuwoyin nan. Ashe mun wuce Makka tun a jirgin sama, mun bar ta a bayanmu. Abin da tsohon yake ta gaya mana ke nan tun ranar da na bige masa hannu. Na tashi na kama gefen likkafani. Aka ba ni limanci na sallace shi, muka sa shi a lahadin kabarin, suka toshe da tubalin laka inda mu muke sa itace ko fasasshiyar tukunya.

Muna cikin mayar da ƙasa sai ga Farfesa, hula a hannu, wai ya zo ta'aziyya. Ya dubi kabarin ya yi wata magana yana ɗan murmushi, na matsa wa Biktor sai da ya fassara. Wai nan da shekara dubu wani masani zai tono wannan wuri, ya rasa yadda aka yi baƙin mutum ya zo cikin makiyayan nan. Kai! Ƙasa ba ta gama rufe shi ba, har an fara lissafin tono shi. Na ce wa Biktor, "Gaya masa ko mota ba su ba shi ba yana da rai, kada su sa ran ƙashinsa." Na koma na baje ƙasar kabarin da hannuna, na roƙi dattawa da alama kada a tara masa tudu, tunda tudu ne yake kiran waɗannan mutane. Suka gane, suka daidaita shi da ƙasa a tsakiyar nasu matattun.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Aka ce na ɗaga wa jami'i makami, na binne gawa ba izini, aka sa ni a jirgi aka koro ni. Ko tunkiya ɗaya ban koya ba. Da na shiga ofis a gida, tambayar farko da babbanmu ya yi mini ita ce ina takardar shaida. Na dube shi kawai na fita, don in na buɗe baki aikin ma sai na rasa shi.

Ranar da na je Gwiwa, labari ya riga ni. Na tarar da Inna Dije a kan tabarma a gindin rumbu, ta rame. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ajiye jakarsa da carbinsa. Ba ta taɓa su ba.

Ta ce, "An ƙona shi?"

Na ce, "Ba a ƙona shi ba, Inna."

"An wanke shi?"

"Da hannuna. Makiyaya irinku ne suka taya ni, wani tsoho ya ba shi likkafaninsa."

"An sallace shi?"

"Ni na ja sallar."

Sannan ta ce, "Yana kallon gabas?"

Tun daga Kano nake shirya ƙaryar da zan yi mata, kalma ɗaya ce, ta wuce. Amma na kasa. Na tsinci tsakuwa uku a gabanta na jera su yadda tsohon ya jera mini.

Na ce, "Inna, ga ki nan. Ga Ka'aba. Shi kuma ga shi can, ta ɗaya gefen. Ƙasar tana bayan Makka, in ya kalli gabas ya ba ɗakin Allah baya. Don haka nan wajen muka juyo da fuskarsa."

Ta sunkuya tana kallo. Ta sa yatsa a kan tsakuwarta, ta bi layin a hankali ta wuce ta tsakiya, har ta kai kan tasa.

Ta ce, "Wato in na tsaya salla, shi nake fuskanta?"

Na ce, "Shi ma ke yake fuskanta, Inna."

Ta ɗauki tsakuwar ta ƙulle a bakin zaninta. Sannan ta ce in miƙo mata buta, la'asar ta yi.